Zanen da Marini Ya Bari

Tunda kin ce ɗanki ƙaƙƙarfa ne, ba ya buƙatar allura, zauna, 'yar nan, ki ji wani misali.

An yi wata mata, matar wani marini, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da tsohon ciki. Abu na ƙarshe da hannunsa ya tsoma a baba shi ne zanen goyo, ya rina shi don ɗan da bai samu gani ba. Da ta haihu, da shi take goyo. In ta juyo da kai ta shaƙi ƙanshin baba a kafaɗarta, sai ta ji kamar mutumin yana tsaye a bayanta. Jaririn bai daɗe da yin arba'in ba baƙon dauro, wato ƙyanda, ya sauka a unguwar. Ya shiga gidan dama, ya shiga gidan hagu, 'ya'yan maƙwabta suka kwanta, wasunsu ba su tashi ba. Nata ɗan ko atishawa bai yi ba. Ta ce a ranta, zanen nan ne, ubansa ne bai daina tsaronsa ba.

Da yaron ya fara rarrafe, wata ma'aikaciyar lafiya ta zo da allurar rigakafi. Ta zauna a bakin tabarma ta yi wa matar marini bayani a hankali: ita uwar ta yi ƙyanda tana yarinya, jininta ya san cutar, ya ƙera mata garkuwa. Wannan garkuwar ce ta ratsa mabiyiya ta shiga jikin ɗan tun yana ciki. Amma ba jikinsa ya ƙera ta ba, kullum raguwa take kamar ruwa a randar da ba a ƙarawa, allurar ce za ta koya wa jininsa ya ƙera tasa. Matar marini ta dubi fatar yaron, baƙa sumul irin ta ubansa, ta kasa yarda a huda ta. "Ai baƙon ya zo ya gan shi, ya wuce," in ji ta. Da bazara ta zagayo, baƙon ya dawo, a wannan karon bai wuce ba. Ta naɗe yaron a zanen, ta ƙara naɗewa, zazzaɓi na ci, ƙuraje na fesowa, numfashi na sarƙewa. Ko da aka kai shi asibiti, ƙirjin ya riga ya kamu. Ta dawo gida da zanen a ninke a hannunta, ta rasa ɗan, kuma tun daga ranar ba ta ƙara jin ƙanshin baban ba.

Abin da ya tsare shi da fari daga jikinta ya fito, aro ta ba shi, ba ta sani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, zanen aro ba ya rufe katara.