Gwiwar Ƙauye

Tun da aka kafa dokar farashin yanki, hoton gwiwa na MRI ya zama kowa da kuɗin garinsu. Ɗan birni dubu arba'in, ɗan ƙauye ninki uku, wai gwiwar ƙauye ta fi cinyewa. Ba a tambayar kowa inda ya fito, daɓen asibitin ne ke gane mutum daga takunsa.

Shi ya sa da ciwon gwiwa ya matsa wa Tabawa a ƙauye, ta sayar da akuyarta, ta zo Kaduna wurin ƙanwarta Asabe, ta yi ta koyon tafiyar 'yan birni a tsakar gida da takalmin aro.

"Yaya, ɗaga ƙafar za ki yi, kada ki ja ta," in ji Asabe a ƙofar asibiti.

Tabawa ta cije leɓe ta taka, gwiwar na yi mata zugi. Daɓen ya yi kore. Da ta isa teburin biya, sai ta tarar da dattijo mai furfura a zaune. Kafin ta ankara, ta durƙusa har ƙasa.

"Barka da aiki, Malam."

Daɓen ya koma ja. 'Yan birni sun daɗe da daina durƙuso.

Dattijon ya kau da kai. "Dubu ɗari da ashirin, baiwar Allah. Ba ni na yanke ba."

Asabe ta kama ta za ta ɗaga, gwiwar ta ƙi miƙewa. Tabawa ta dubi dattijon daga nan ƙasa.

"Da bulala aka koya mini durƙuson nan, Malam. Ashe har kuɗinsa zan biya."