Tagumin Mai Masa

Seydou ya buga benci sau uku. "Su-ku-lu," in ji shi, yana duban 'yan kasuwar da suka kewaye shi. "Gaɓa ukku. Haka mutanen Ingila ka hwaɗin makaranta."

Wata shida kacal ya yi a Legas yana sauke buhunan albasa, amma tun da ya dawo Malanville ya sayi tabarau da littafi mai jan bango, ko gaisuwa ba ya amsawa sai da Ingilishi. Fataken gari sun buɗe ajin Ingilishi don 'ya'yansu su iya ciniki a Najeriya, kuma ran Alhamis za a gwada mai neman koyarwa. Seydou bai jira Alhamis ba, ya bar aikinsa na tasha. Wa zai ja da shi a garin da ilimi ya tsaya kan harshen Dendi da Faransanci?

Kullum da hantsi yana nan a rumfar mai shayi, yana sassara kalmomin bayin Allah kamar itacen girki. Mutane na jinjina kai, shi kuwa yana ƙara kumbura.

Zeinabou mai masa kaɗai ce ba ta jinjinawa. Tana cikin waɗanda aka koro daga Gana bara, da ƙullin kaya ɗaya. Da ya buga bencinsa sai ta zuba tagumi, leɓɓanta na motsi, sannan ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

Abin na ba shi haushi ƙwarai. "Baƙin cikin Gana ya taɓa ta," yakan ce. "Ni ban sayen masa ɗaya, Inna, ki sauke hannu." A kwashe da dariya.

Ran Alhamis shugaban fatake ya tare shi a ƙofar aji.

"Mun yi sa'a," ya ce. "Mun samu wadda ta koyar da Ingilishi shekara sha biyu a Kumasi, ita za ta gwada ka. Ta ce can hannu aka sawa ƙarƙashin haɓa, a hwaɗi kalma, a ƙilga sau nawa haɓa ta sauka. Gaɓoɓin ke nan."

Seydou ya taɓe baki. Ya wuce wurin allo ba tare da ya dubi kowa ba, ya ga an rubuta "school", kalmar da ya fi ƙwarewa a kai. Ya buga allo sau uku, ya juyo yana murmushi.

A bencin baya Zeinabou ce zaune, hannu a haɓa, yatsa ɗaya a sama.