Waƙar Niƙa a Jakar Baƙi

Kai da aka damƙa wa kwamfutocin ofis, matso ka ji. An yi wani mai kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyo, mutum mai kunya, irin wanda za a taka masa ƙafa shi ya ba da haƙuri. Kwamfutocin gidan a haɗe suke, da jakar adana fayiloli guda da kowa ke leƙawa, inda aka tara tsofaffin waƙoƙin mutanen ƙauye. A ciki har da waƙar niƙa ta mahaifiyarsa, wadda ya ɗauka da hannunsa shekarar da za ta rasu. Ba ta ko'ina sai nan. In kewa ta ci ƙarfinsa sai ya kunna, ya ji tsohuwa tana rerawa, tari ya sarƙe ta a tsakiya, ta yi dariya ta ci gaba.

Rannan wani dattijon malami ya zo daga nesa neman waƙoƙin mata. Aka zaunar da shi a kwamfutar baƙi. Ga sunaye yana gani, amma duk wanda ya taɓa sai na'ura ta ce ba shi da izini. Kunya ta rufe mutumin naka. Haba, baƙo da furfurarsa, a ce ƙarfe ke korarsa! Izinin saurare kaɗai ake buƙata, ya duba ya rasa inda abin ya maƙale, ga dattijo ya zuba tagumi. Sai ya buɗe wa baƙi komai, har izinin gogewa, wai gobe ya rufe. Dattijo ya kwashi abin da yake so a filashinsa, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, sannan ya bi waɗanda ba su yi masa ba yana gogewa, a zatonsa cikin filashin yake. Waƙar tsohuwa mai tarin nan tana cikin waɗanda ya goge. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya tafi. Sai bayan sati biyu mutumin ya nemi muryar uwarsa ya ga wayam. Abin da aka goge daga wata kwamfutar kuwa ba ya faɗawa kwandon sharar kwamfuta balle a dawo da shi, kuma sababbin shirye-shirye sun riga sun hau wurin. Ya yi kuka, wallahi, kukan da bai yi ba ranar jana'izarta. Wa zai kama? Ya gwada rera waƙar da bakinsa, baiti biyu ya iya tunawa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.