Almakashin Namadi

Namadi ne ya raba Mudi da ƙafarsa, ko da yake ba shi ya riƙe wuƙar ba.

Mudi makiyayi ne a Jangeru. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, bijimi ya soke shi a ƙwauri. Matarsa Halima ta kai shi wani ƙaramin asibiti a Shinkafi, inda Namadi yake aikin wanke ciwo.

Almakashi ɗaya Namadi yake da shi. Da shi yake bin gado gado, ya goge a jikin rigarsa, ya wuce gaba. Kusa da Mudi akwai wani tsoho mai gyambon da ya daɗe, wanda Namadi yake ɓare wa kafso ja-da-rawaya yana barbaɗawa. Ƙwayoyin cutar gyambon nan sun sha kafso har sun saba da shi, ba ya kashe su. Daga gyambon, almakashin ya sauka a kan raunin Mudi.

Halima ta ce, "Malam, ba a wanke almakashin ga tukuna?"

Ya ce, "Ke da kika zo jinya, koyarwa kika koma? Mi kika sani in ba tallan nono ba?"

Ya ba Mudi kafso, da zafi ya lafa ya ce a daina sha.

Ƙafa ta kumbura, ta soma zubar da koren ruwa mai wari. Aka garzaya da shi Gusau. Likita ya gwada allura iri-iri, babu wadda ta ci. Ya ce wa Halima, "Cutar nan ba daga ƙahon bijimi take ba, a asibiti ya ɗauko ta, kuma ta fi ƙarfin magungunanmu. Ko ƙafa, ko rai."

Aka yanke daga saman gwiwa. Mutumin da yake bin shanu har iyakar Nijar, yau sai an riƙe shi yake zuwa masallaci.

Jama'a, kayan wanke ciwo a tafasa su kafin a taɓa wani. Kafso ba gishiri ba ne da za a riƙa barbaɗawa. Likita ne zai rubuta shi, kuma a shanye shi har ƙarshe. Wanda ya yi wasa da wannan, amanar rai ya ci.

Halima ta kai ƙara. Alƙali ya sa aka yi wa Namadi bulala ranar kasuwa, aka kore shi daga aiki, aka ɗaure shi shekara biyu.