Allura ta Shida

An hana soya albasa a gidan Inna Tasalla. A Aliero fa, garin da ko rigar liman ƙamshin albasa take yi. Amma dokar ta zauna daram, domin duk wanda ya taɓa jin kakarin aman da ke fitowa daga ɗakin da kaka da jika suke kwana bai ƙara gardama ba.

Kowa a unguwa ya san labarin: Gudiya, jikar Inna Tasalla, ta kamu da ciwon daji. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne asibiti. Shekara talatin Inna na ba da maganin daji. Daga Maiyama, daga Mungadi, har daga Gehuru ake zuwa karɓar sassaƙenta. Ga shi yarinyar cikin gidanta ta kafe sai na likita.

"Ɗiyan yanzu ke nan," in ji Inna ga masu dubiya. "Na jiƙa mata, ta ƙiya. Mi zan yi? Sai rakiya."

Duk mako uku fijon Ummaru direba takan taso daga tashar Jega, ta tsaya a ƙofar gida ta kwashi su biyun. Shekara biyu ke nan da yanke Kebbi, amma ciwo bai san an yi sabuwar jiha ba, Sakkwato dai ake zuwa. Likita ya ce allura shida ce ta jijiya, ba a tsallake ko ɗaya. An yi biyar.

Gudiya ta koyi halin maganin yadda take koyon komai, da ido da kunne. Ita ce tun tana firamare take kwaikwayon tafiyar hedimasta har shi kansa ya tsaya kallo. Ta gane kwana ukun farko na amai ne, sai lemun tsami da citta. Ta gane ranar da baki ke fashewa, tuwo ya gagara, sai kunu mai sanyi. Da ta lura cokalin ƙarfe na ƙara wa abinci ɗaci, ta mai da gidan ga ludayin duma. Da farce ya soma baƙi, ta kwaɓa lalle ta ƙunsa wa kanta, ta ƙunsa wa tsohuwar, wai kada gida ya yi kama da na zaman makoki.

Da an yi sallama kuwa, sai ta ja kallabi har gira, ta kwanta tana nishi. Matan unguwa su ajiye farfesun kaza, su fita suna sharar ƙwalla. Wasu suka ce kumatunta sun ciko, Inna ta ce kumburin maganin asibiti ne. Ita Innar ce ma ta zabge, ba kuma wanda ya yi mamaki, ai jinya ba wasa ba ce. Samari biyu da ke zuwa zance suka ɗauke ƙafa. Gudiya ta ce sun rage mata wahalar shimfiɗa tabarma.

Ranar allura ta shida fijo ta iso da hantsi. Gudiya ta fito da jaka, ta tarar da Inna zaune a tsakar gida, mata huɗu daga Mungadi a gabanta sun zo karɓar jiƙo. Ko mayafi ba ta ɗauko ba.

"Tsohuwa, mota ta zo."

"Ta koma. Ba inda za mu. Biyar sun isa. Wanga magani ya fi ciwon azaba."

Matan suka gyaɗa kai. Babbarsu, Asma'u, ta ce, "Bi ta kakarki, yarinya. Wa ya kai ta sanin daji?"

Gudiya ta tuna abin da likita ya faɗa: in aka tsaya a hanya ciwon na iya dawowa, in ya dawo kuwa ba ya jin lallashi. Ta roƙa. Ta ƙanƙance murya, ta tura ludayi a aljihu kamar abin awon likita, ta maimaita gargaɗin da Hausar likita mai karyewa. Matan suka yi dariya har da tafi. Inna ko motsi. A waje Ummaru ya danna oda sau biyu, na biyun ya fi tsawo.

Sai Gudiya ta ajiye jaka, ta durƙusa a tsakiyarsu, ta kai hannu ga ƙullin kallabinta.

"To, tunda an fasa, ɓoyon mi ya rage? Wata huɗu ina rufe kan nan. Yau bayin Allah ga su gani da idonsu abin da daji ya yi mini."

Ta kwance ƙulli na farko. Matan suna ta "subhanallahi, bari," suna kuma miƙa wuya. Ta kama na biyu.

Inna Tasalla ta miƙe da saurin da aka daɗe ba a ga ta yi ba.

"Ja'ira! Ɗaure kanki! Ɗauko min mayafi."

Fijo ta kama hanya har ta wuce Tambuwal. Can tsohuwar ta tambaya, idonta a kan hanya, "Da kin kwance?"

"Wallahi har ƙeya."

A ɗakin masu daji ba wanda ya san kowa daga Aliero, don haka Gudiya ta zame kallabin, ta sa yatsa biyar tana sosa shukunta mai kauri. Nas ta leƙo da kati a hannu, ta ɗaga murya: "Tasalla Gidaɗo, ta shida!" Tsohuwar ta harari jikarta, ta tashi ta shiga tana naɗe hannun riga.