Kaset ɗin da Baffa ya kawo daga Kwatano

Ranar da Baffa Habu, ƙanen babana, ya dawo garinmu Waca daga Kwatano, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa, muna zaune a tsakar gida da la'asar muna shan rake. Ya kunna kaset ɗin da wani ma'aikacin jirgi ya ba shi. Muryar mace ce mai kauri, ganga na bin ta da sauri.

Na ce waƙar fim ɗin Indiya ce. Baffa ya ce a'a. Kakannin matar aka kwaso daga Indiya, aka kai su wani tsibiri can ƙetaren teku saran rake. Waƙoƙin da matansu ke yi a ɗaki ranar biki, ita ta fara fito da su bainar jama'a, danginta suka yi ta zaginta.

Gwaggo Mariya, yayarsu, tana gefe tana ferar rake. Ta yi zabiyanci tana budurwa, har ranar da kakanmu ya ce ta zaɓa, ko waƙa ko gidansa. Da ta ji bayanin Baffa, sai ta ajiye wuƙar.

"Habu, da ta gama waƙar, sun bar ta ta koma gida?"

"Wallahi Yaya, wannan ban tambaya ba."

Ta ce ya maido daga farko. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma da aka zo amshi ta riga matar shiga.

Har yau ban san sunan mawaƙiyar ba. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, kuma ban ƙara jin ta rera komai ba bayan wannan la'asar.