Shanun Huɗa Biyu da Aka Raba a Gado

Wani tsohon malamin lissafi ya ji sabon malami yana mita a ofis, wai me ya sa lambobin nan masu ɓangare biyu, na zahiri da na zato, kowace sai an nemo mata kishiyar siffarta kafin aiki ya tafi. Tsohon ya ce: “Ɓangarensu na zahiri ɗaya ne. Na zaton ne wannan ke da ƙari, waccan ke da ragi daidai da shi. In ka haɗa su, zato ya cinye zato, zahiri ya tsaya. Zauna ka ji.”

Wani manomi ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, da gona a gangare, da shanun huɗa biyu, Ja da Baƙi. Ƙarfinsu ɗaya, takunsu ɗaya, amma kowanne da aibinsa: Ja yana fizga dama, Baƙi yana fizga hagu, kuma gwargwadon fizgar wannan gwargwadon ta wancan. In aka ɗaura musu karkiya ɗaya, kunya takan fita a miƙe, ta gicciye gangaren ta tare ruwa. Shekara bakwai uban yana zagaya kasuwanni kafin ya dace da su. Ranar rabon gado ƙanen ya roƙi a bar shanun a haɗe, su riƙa huɗa bi da bi. Wan ya hau dokin zuciya. Shi a ganinsa raini ne: ta yaya zai riƙa sallama a ƙofar yaron da ya goya don aron abin da yake hakkinsa? Dattawa suka ba shi baki, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai an raba. Ya ja Ja ya tafi, har yana faɗa wa mutane ya rabu da nakasasshe. Ya samo wani bijimi lafiyayye mai tafiya sak, ya haɗa su. Abin haushi, ko sau ɗaya bai tambayi kansa dalilin da ya sa ubansa, da duk saninsa, ya zauna da shanu biyu masu aibi ba!

Damina ta faɗi, ya kafa garma. Sabon bijimin yana tafiya sak, Ja yana fizga dama, babu mai mayar da shi. Kunya ta fara lanƙwasa. Ya danne garma har hannunsa ya yi kanta, ya zagi Ja, ya zabga masa bulala har jikinsa ya fashe, dabbar da ba ta canza komai daga halinta na shekara da shekaru ba. Kunyoyin duka suka karkata suka fuskanci gangare. Ya shuka geronsa a haka don taurin kai. Ruwan farko mai ƙarfi ya bi kwarin kunyoyin ya taru wuri guda, ya ɓalle su, ya kwashe shuka da taki ya zuba a rafi. Abincin shekara ke nan na gida mai baki tara. Sai a lokacin ya haɗiye girman kansa ya nufi gidan ƙanensa, ya ce a ba shi aron Baƙi kwana uku ya sake huɗa tun lokaci bai ƙure ba. Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce: “Yaya, ni ma ya ƙi mini huɗa da kowane sa. Ran Talata mahauta suka tafi da shi.”

Tsohon malamin ya miƙa wa sabon malamin alli ya ce: “Karkata ba ta miƙewa da miƙaƙƙe, sai da karkatar da ta yi daidai da ita ta ɗaya gefen. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowace ƙwarya da abokiyar burminta.”